Sannunku da Ƙoƙari, Masu Wuce Mu ta Sama

Madalla da ku shugabanninmu, ranku ya daɗe. Duk wanda ya ce ba ku san darajar ran ɗan Adam ba, to bai taɓa taka filin jirgin sama ba. Tun daga bakin ƙofa ake fara tattalin rai. A tura jakarka cikin na'ura a leƙa hanjinta, a ce ka kwance bel da agogo, ka zuba waya da makullai a faranti, sannan ma'aikaci ya bi jikinka da sandar nan mai ƙara tun daga kafaɗa har idon sawu. Ko ruwan gora ka riƙo sai an karɓe, don kada ya zama sanadin cutar da wani. A waje ga shinge ya kewaye fili, ga motocin kwana-kwana a tsaye dare da rana suna jiran gobarar da ake addu'ar kada ta tashi. Hatta tsuntsaye akwai ma'aikatan da ake biya albashi don su kore su daga hanyar jirgi. Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da muke tsintar labarin nan a rediyo, ba abin da za mu ce sai Allah ya ƙara basira.

Kun kuma nuna mana cewa in dai don wannan tattalin ne, kuɗi ba ya wuya. A shekarar 2013 kuka ciyo bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, kuka ɗora dala miliyan 100 a matsayin kason Nijeriya, aka miƙa wa kamfanin CCECC aikin gina sababbin ɗakunan matafiya a manyan filayen Abuja da Legas da Kano da Fatakwal. Bashin na shekara 20 ne, biyansa zai kai mu cikin shekarun 2030. Ku dubi adalci! Da sunan Nijeriya aka ci shi, don haka ba a ware kowa ba. Tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar Sheme tana da nata kason, jaririn da aka haifa jiya a sansanin gudun hijira shi ma an ajiye masa nasa. Ba su shiga jirgi ba, ba su da niyyar shiga, amma kun karrama su da zama abokan tarayya wajen biya. Wace gwamnati ce ta taɓa tunawa da talaka haka?

Ginin Legas ma abin a yi muku jinjina ne. An buɗe shi a watan Maris na 2022, sai aka lura cewa farfajiyar da jirage ke tsayawa ta yi wa manyan jirage kaɗan, kamfanonin ƙasashen waje suka daɗe suna ƙin komawa cikinsa. Da wasu ne da sun karaya. Ku kuwa a 2025 kuka sake amincewa da sama da naira biliyan 700 don sabunta tsohon ginin na Legas, kuma minista Festus Keyamo ya kwantar mana da hankali cewa wannan karon ba rance ba ne, daga rarar janye tallafin man fetur za a biya. To yanzu ɗan acaɓan Sabuwa ya san inda ƙarin kuɗin litarsa ya nufa, sai ya ƙara haƙuri ya ƙara godiya. Hukumar FAAN da bakinta ta ce filaye uku kacal cikin 22 da take kula da su ke iya ciyar da kansu, sauran duk goyo ne. Wanda ke son sanin ko filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina yana cikin masu goyo ko waɗanda ake goyawa, ya je ya ƙirga jiragen fasinja da ke sauka a yini guda, yatsun hannu ɗaya sun ishe shi.

Mu Katsinawa kuwa rabonmu ya fi na kowa tsoka, domin kusan shekara takwas, daga 2015 zuwa 2023, ɗan jiharmu Sanata Hadi Sirika ne ke riƙe da harkar sufurin jiragen sama. Shi ya kai sunan kamfanin Nigeria Air bajekolin Farnborough a Ingila a 2018. Shi ne kuma, ana saura kwana uku gwamnati ta sauka a watan Mayun 2023, ya tarbi wani jirgi mai fentin kore da fari a Abuja. Aka ɗauki hotuna, aka yi tafi, daga baya ta bayyana cewa jirgin na kamfanin Habasha ne, ya kuma koma gidansu. A 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da shi a kotu, kuma cikin takardun tuhumar filin jirginmu na Katsina ya samu ambato na musamman: kwangilar faɗaɗa farfajiyar jirage ta kusan naira biliyan 1.5, kwangilar ɗakin matafiya ta sama da biliyan 1.3, da kwangilar cibiyar gyaran motocin kashe gobara ta sama da biliyan 3.8, waɗanda hukumar ta yi zargin an bai wa kamfanonin da ke da alaƙa da danginsa. Ya musanta dukkan tuhumar, hukunci kuma na kotu ne, ba nawa ba. Abin da ya burge ni shi ne hangen nesan. Jihar da ake banka wa rumbunan hatsinta wuta a ƙauyuka, aka duba aka ga abin da ya fi dacewa da ita shi ne asibitin motocin kwana-kwana na filin jirgi. Ranar da aka afka wa Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari, a watan Yunin 2020, aka kashe mutane gommai, da a ce waɗanda suka tsira sun san irin tanadin da za a yi wa motocin nan, ai da zuciyarsu ta yi sanyi.

Kada wani ya ce ba ku iya aiki ba. Kun iya, mun gani da idonmu a 2017. Titin saukar jirage na Abuja ya lalace, kuka rufe filin daga 8 ga watan Maris na tsawon mako shida, kuka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Minista ya ce in aka wuce wa'adi zai ajiye aiki, kamfanin Julius Berger ya yi ta aiki dare da rana, aka gama kafin cikar wa'adin. A wannan mako shidan dole ta sa manya suka bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a mota. Nan take aka yi wa titin faci, aka jibge 'yan sanda da sojoji, motocin fasinjan jirgi suka riƙa tafiya da rakiyar masu bindiga, jirage masu saukar ungulu na shawagi a sama. Ashe ana iya tsare hanya! Ashe akwai jami'ai, akwai mai, akwai motoci! Abin da kawai ake buƙata shi ne mutanen da ransu ke da tsada su bi ta kanta. Da filin Abuja ya dawo aiki, manya suka koma sama, hanyar ta koma hannun masu ita, har ta kai a watan Maris na 2022 aka kai hari filin jirgin Kaduna, bayan kwana biyu kuma aka tare jirgin ƙasa.

Mu namu maganin da kuka ba mu ya fi wannan sauƙi da arha. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun. Hanyar da ba a bi ai ba a tare kowa a kanta, wanda kuma ba shi da waya ba zai dame ku da kiran neman agaji ba. A cikin watan Agustan nan dai, kwanaki kaɗan kafin rufe hanyar, jiragen alfarma sun yi cincirindo a filin Malam Aminu Kano saboda ɗaurin auren ɗan shugaban ƙasa a Bichi, kuma alhamdu lillahi duka sun sauka lafiya sun tashi lafiya. Haka ma ranar Juma'a 11 ga Disamban 2020, jirgin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sauka a Katsina ba tare da ko ƙwarzane ba. A daren ne 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a kan babura, suka kora yara cikin daji a ƙasa, da yawansu ba takalmi. Yara 344 aka karɓo ranar 17 ga watan. Tawagar jaje daga Abuja ma ta sauka a filin jirgin nan lami lafiya.

Tun da ba ku cika bin ƙasa ba, bari in ba ku labarin namu binciken tsaron, wanda bai ci ko kwabon rance ba. Kafin mota ta bar tashar Funtuwa zuwa Faskari ko 'Yankara, fasinja zai zauna ya goge saƙonnin banki daga wayarsa, ya cire katin aiki daga aljihu ya tura cikin safa, mai sabuwar shadda ya naɗe ta a leda ya sa tsohuwar riga. Direba kuwa idonsa na kan motocin da ke tahowa. In ya yi tafiya mai ɗan nisa bai gamu da kowa ba, sai ya gangara gefe ya kashe inji, hira ta ɗauke, sai motsin leɓɓa. Can wata mota ta ɓullo, ya miƙa hannu ta taga: "Ɗan'uwa, ya hanya?" In aka ce masa lafiya lau, a yi bismilla a ci gaba. Wannan tambayar ita ce hasumiyar da ke ba mu izinin tashi. Hanyar nan ta Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa ƙasar Faskari, ita ce dai gwamnatin Zamfara ta samo wa magani a 2024 da ta aza harsashin filin jirgin Gusau. Ko can ma sun gane hikimarku: hanyar da ta gagara a tsare, sai a tsallake ta.

A nan zan ajiye yabon in yi magana da zuciya ɗaya, domin abin yana ci mini rai. Ba na ƙin a kashe kuɗi kan lafiyar jirage. Mutanen Gwammaja a Kano ba su manta ranar 4 ga Mayun 2002 ba, lokacin da jirgin EAS ya faɗo kan gidajensu ya kashe na ciki da na ƙasa. Arewa ba ta manta 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a hatsarin jirgin ADC. Iyayenmu maniyyata ma ta filin Katsina suke tashi zuwa ƙasa mai tsarki, ina son titin ya yi kyau, fitilunsa su kama, motar kashe gobara ta tashi in an murza makulli. Amma tsohon da ya sayar da masarar shekaru ya biya kujerar Makka daga Sabuwa, kafin ya ga wannan fitila sai ya yi tafiyar awanni a hanyoyin da iyalinsa ba sa runtsawa sai ya kira ya ce ya isa sansanin alhazai. Kuma masarar nan, a wurare da dama sai da aka biya ɓarayin daji haraji kafin a bari a girbe ta. An kai matsayin da al'ummominmu ke zaman sulhu da mutanen da ke zuwa wurin taron rataye da bindigogi, saboda sun gaji da jiran wanda zai tsare su.

Don haka, ranku ya daɗe, ga roƙon masu biyan bashi. Ku wallafa mana kowace kwangila da aka bayar a filin jirgin Katsina tun daga 2015: nawa aka ware, nawa aka fitar, wa ya karɓa, me ke tsaye a ƙasa yau. Ku haɗa da adadin fasinjojin da ke bi ta filin a shekara, kowa ya yi lissafinsa. 'Yan majalisarmu na Abuja, da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, su ne suka fi cancanta su nemo mana waɗannan takardu. Sannan ku ara mana irin mako shidan nan na 2017, da jami'ansa da motocinsa da ministan da zai sa kujerarsa a jingina, ku shimfiɗa shi daga Funtuwa zuwa Sheme da 'Yankara, daga Sheme zuwa Ƙanƙara, daga Ɗandume zuwa Sabuwa. In so samu ne ya faɗo lokacin kaka, sa'ad da ake kwaso amfanin gona.