Bayani Kan Zaman Bakin Teku, Daga Nima Zuwa Gida

Nima, Akra, ƙasar Gana

Zuwa ga Auta, da duk wanda Inna ta sa ya karanta mata,

Akra, babban birnin Gana tun 1877, tana zaune ne a bakin Tekun Atlantika. Daga gaɓarta zuwa kudu babu ƙauye, babu rijiya, babu inda mota za ta tsaya a yi salla; ruwa ne zalla har ƙarshen duniya inda ƙanƙara take. Saurayin da ya tashi a Kano, wanda babban ruwan da ya taɓa gani shi ne Dam ɗin Tiga, ya kuma aiko cewa yana nan tafe bayan Salla, akwai abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya ɗaure kaya. Ga su nan bi da bi, daga bakin tasha har bakin ruwa.

Mai zuwa ta ƙasa yakan sauka Legas, ya bi gefen teku ta Seme, Kwatano da Lome, ya shiga Gana ta Aflawo. Iyaka uku ke nan. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba biza na kwana 90, amma sai da fasfo da katin allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa da ake mantawa a ƙarƙashin katifa. A hanya akwai masu son gaisawa da matafiyi da yawa, kuma ba a cika amsa gaisuwar da baki kaɗai ba. Kuɗi yakan tashi daga naira ya koma sefa, ya koma sidi, yana ramewa a kowace tasha. Da an shiga Togo ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, wanda shi ne dalilin da ya sa kiran da Inna take yi bayan asuba yake tarar da mutumin Akra a tsakiyar barci.

Abu na farko da yake tarbar baƙo shi ne iska. Ma'aunin zafi a Akra ba ya cika wuce digiri 33, don haka mutumin da ya sha 40 a Kano cikin watan Afrilu yakan yi dariya idan ya ji. Dariyar ba ta daɗewa. Laimar da ke cikin iska takan kai wajen kashi 80 cikin ɗari, kuma iskar da ta ƙoshi da ruwa ba ta karɓar gumi. A Kano mutum ya yi gumi, iska ta shanye, jiki ya yi sanyi. A nan gumin yana zama tare da mai shi, ya raka shi kasuwa, ya rako shi gida. Wanda ya yi wanka ya goge jiki, kafin ya gama sa maɓallin riga ya sake jiƙewa, kuma ba ya iya tantance wane ruwan ne na bokiti, wane ne nasa. Babbar riga mai sitati, wadda a Ƙofar Mata take tsayuwa da kanta, a nan takan sallama kafin liman ya hau mumbari.

Abin mamaki, ruwan sama bai taka kara ya karya ba. Akra tana samun wajen milimita 800 a shekara, kusan abin da Kano take samu, alhali garin Aksim da ke yammacin gaɓar yana wuce milimita 2,000. Damina biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Watan Agusta shi ne mafi sanyi. Hunturu yana leƙowa a Disamba da Janairu, amma kafin ya keto daji ya iso ya gaji. Ɗan hazo ne kawai, wanda mutanen gari suke sa rigar sanyi dominsa suna jajanta wa juna. Man kaɗanyar da aka tanada don kaushi zai iya zama a gida.

A laimar nan ne babbar matsalar take, kuma ita ce ta cancanci dogon bayani. Duk dabarar ajiya ta mutumin Arewa a kan shanya take. Nama a shanya ya zama kilishi, kuɓewa a shanya, tattasai a shanya, kuka a shanya, wanki a baza a kan igiya a dawo bayan la'asar a kwashe. Rana ce ma'ajiya. A bakin teku wannan ilimi gaba ɗaya ba ya aiki, domin abin da aka busar a Kano yana zuwa nan ne ya sha ruwa daga iska. Kilishin da aka naɗe a takarda, idan ya yi sati a ɗaki, yakan fito da farin gemu kamar limamin unguwa. Garin kuka yakan dunƙule. Gishiri yakan jiƙe a cikin gwangwani, sukari ya narke, ashana ta ƙi kamawa. Takalmin fata da aka tura ƙarƙashin gado ana jiran Juma'a yakan yi funfuna kore, haka ma gafakar Alƙur'ani, haka ma hular da aka kifa a kan ƙusa. Tufafin da aka ninke a akwati suna da wani wari nasu na musamman wanda turaren wuta yake rufewa na rabin yini. Maganin duk wannan roba ce mai murfi mai kamawa, da buɗe taga, da fitar da kaya rana duk lokacin da ta samu, da kuma cinye kilishi a ranar da ya iso. Wannan hukunci na ƙarshe maƙwabta suna taimakawa wajen zartar da shi.

Bayan laima sai gishiri. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da ƙwayoyin gishiri, kuma gishiri da danshi idan suka haɗu a kan ƙarfe sai tsatsa. A unguwannin da ke daf da ruwa, irin su Jamestown da Chorkor da Teshie, kwanon rufi yana hujewa da wuri, kwaɗo yana ƙin buɗuwa, ƙarfen taga yana zubar da jan gari, fanka tana koyon kuka. Har rodin da ke cikin kankare yana tsatsa ya kumbura ya fasa ginin daga ciki. Wanda zai sayi tsohuwar mota ko babur a bakin teku, ƙarƙashinta ake fara dubawa kafin fenti. Nima da Mamobi suna ɗan nesa da ruwa, don haka tsatsarsu tana da haƙuri, amma tana zuwa.

Jiki ma yana da nasa rabo. Ƙurajen zafi da ƙyasfi suna son fatar da ba ta bushewa. Sauro ba ya tafiya hutun rani kamar na gida, saboda haka zazzaɓin cizon sauro ba shi da kaka; gidan sauro kayan aiki ne na shekara gaba ɗaya. Ruwan rijiya kusa da gaɓa yakan yi zartsi, sabulu ba ya kumfa a ciki, shi ya sa ruwan leda ya zama abin sha na kowa.

Sha'anin ɗaki yana da ƙa'ida biyu. Ta farko ta kuɗi ce. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba. Masu gidaje da yawa suna girmama wannan doka ta hanyar neman na shekara biyu. Kuma idan dillali ya ce miliyan biyar, kada baƙo ya suma. A 2007 Gana ta yanke sifiri huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma bakin mutane bai yanke ba, don haka miliyan ɗin dattijai sidi 100 ne. Ƙa'ida ta biyu ta ƙasa ce: ana neman ɗaki da damina, ba da rani ba. Akra shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan da ya sauka a tudu yana bin kwatoci zuwa kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle, sannan teku. Idan shara ta toshe kwata, ko teku ta ciko a daidai lokacin, ruwan ba shi da mafita sai ɗakunan mutane. Nan ba wurin wasa ba ne. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, yawancinsu masu fakewa daga ruwa. Mai neman ɗaki ya dubi jikin bango daga waje. Idan akwai wani layi mai duhu a daidai gwiwa ko ƙugu, ruwa ne ya sa hannu a wurin, kuma yana da niyyar dawowa. Dokin ƙofar da aka gina ya kai tsawon bulo biyu shi ma shaida ne, komai daɗin bakin dillali.

Abinci ba abin tsoro ba ne. A Zango, wato unguwanni irin Nima, akwai koko da ƙosai da safe, akwai shinkafa da wake mai jan launi, akwai tuwo. Da an fita Zango kuma sai mulkin kifi. Abincin Gaawa, masu garin, shi ne kenke, wato ƙullin masara mai tsami da ake dafawa a cikin bawon masara, a ci da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande. Ranar farko baƙo yakan ce ƙullin ya lalace. Bayan wata biyu shi ne yake bin layi da kwano. Miya kuma takan zo da ƙaguwa sukutum, da ƙafafunta, tana kallon mai ci. Mazhabar Malikiyya ta halatta abin da ke cikin teku, saboda haka babu mafaka ta fuskar fiƙihu. Wanda ba zai ci ba sai dai ya ce ya ƙoshi.

Ita kanta teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, saboda jan da wata yake yi mata. Takalmin da aka ajiye a busasshen yashi ana ɗaukar hoto ba lallai a same shi ba. Abin da ya fi haɗari shi ne wata igiyar ruwa da ke komawa ciki da ƙarfi ta tsakanin raƙuman ruwan, tana jan mutum daga inda ruwa yake iya ƙugu. Gwanayen iyo sun ce ba a yin gaba da ita, ana ratsewa gefe ne. Wannan shawara ta gwanaye ce. Iyon da aka koya a kududdufin bayan gari ba ya cikin lissafi, kuma a bakin ruwan Labadi, musamman ranakun hutu, ana rasa mutane. Ga ɗan Kano, iyakar shiga teku idon sawu ne. Ba mutum kaɗai take ci ba, har ƙasa. A Keta, can gabas wajen iyakar Togo, ta cinye tituna da gidaje da babban ɓangare na ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784. Cikin dalilan akwai madatsar Akosombo ta 1965, wadda ta tare yashin da kogin Volta yake kaiwa gaɓa. Filin bakin ruwa mai araha yana da dalilin araharsa.

Masu gari suna da al'adunsu, kuma baƙo mai hankali yana kiyayewa. Masunta ba sa fita teku ranar Talata. A Jamestown, ƙarƙashin hasumiyar fitila mai ja da fari, ranar ɗinkin koma ce da gyaran kwalekwale. Wajen Mayu zuwa Yuni sarakunan Gaawa suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, kuma hanin yana shafar lasifikar coci da ta masallaci, balle rediyon saurayi. A Teshie akwai kafintoci masu sassaƙa akwati mai siffar kifi ko mota ko jirgin sama. Akwatin gawa ne. Ba a tayawa don ajiye kwanuka.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Fataken Gwanja sun daɗe suna zuwa Salaga neman goro tun kafin Turawa su shata iyaka, kuma jikokinsu suna cikin waɗanda suka cika Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, kowa yana ganin girmansa, Musulmi da Kirista, kuma babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021 yana nan kusa. Hausa ce harshen Zango, sai dai ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba, don haka idan aka ce Hajiya ya zo, Hajiya ce ta zo, kuma ba a gyara wa mai masauki. Amma jin Hausa a titi ba takardar zama ba ce. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, a 1983 gwamnatin Shagari ta rama, har jakar nan mai layi-layi ta samu suna. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwancin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha kulle shagunan 'yan Najeriya a kanta. Wanda zai wuce kwana 90 ya nemi izinin zama da katin shaidar baƙi kafin ya nemi shago.

Kayan da ake buƙata daga gida kaɗan ne: riguna marasa nauyi na auduga, gidan sauro, takalmin roba, katin shawara. Bargo ya zauna. Kuka da daddawa da yajin Inna a zuba su a roba mai murfi a naɗe bakin da leda, kilishi kuma a ninka abin da aka yi niyya, saboda dalilin da ya gabata.

Mai wasiƙa yana nan lafiya, yana gumi. Yana gaida Inna da Baba da Kawu da Yaya Babba da yara, yana kuma roƙon a shaida wa Gwaggo cewa jarkar ruwan teku da ta ce a kawo mata don magani tana nan an ɗebo, sai an samu mai zuwa. Auta ya bugo waya idan ya iso Aflawo, a tarye shi a tashar Tudu.

Wassalam,
Yayanku na Nima