Albasar da ba a ci

Taubashi, bawana na gado,

Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo, da amarya da 'yan yaranta. Kuka da daddawa sun iso, an gode. Maganar filin nan mun gama ta da Baba a waya, kada ka sake tono ta. Uwargida ta koma aikin rana, ƙaramin ya fara tafiya, babbar ta shiga aji uku, motar nan an sayar. Labari ya ƙare. Yanzu gyara zama.

Kai da kake taƙamar kai ne sarkin noman rani na Kadawa, ka taɓa jin manomin da zai binne albasa wata biyar, ya zuba mata taki, ya yi gadinta, alhali tun ranar shuka ya san ba ci zai yi ba? To nan Ingila kaf aikinsu ke nan. Da Satumba ta kama sai kantuna su cika da ragar albasa, kowace da hoton fure a jiki: wannan dafodil, waccan tulif, ga kurokus, ga 'yan mitsi-mitsi da suke kira sinodirof. Ka ɗauka ka juya, ɓawo na albasa, saiwa ta albasa, warin ne kawai babu. Dafodil ɗin ma guba ce, in aka yanka ta a miya gidan amai za a kwana. Ba wasa nake ba: a 2015 sai da hukumar lafiya ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna takarda su daina jera ta kusa da kayan miya, don mutane na saye suna dafawa. Kai na fara tunawa, don na san da kana nan, kafin takardar ta iso ka soya da ƙwai.

Bayan gidan da muke haya akwai ɗan fili, bai kai rabin tsakar gidan Baba ba. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce, ta haura saba'in, yara na ce mata Iya. Ranar da ta gan ni ina auna filin, ta leƙo ta kan shinge, na yi mata bayani: nan alayyafo, nan tumatir, nan attaruhu, can kabewa. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "To, a watan Fabrairu me za ka kalla?" Kallo fa, Taubashi! Na ce mata mu a garinmu gona ci ake yi. Ta shiga gida ta fito da jakar takarda cike da albasar nan da 'yar shebur, ta zayyana mini ƙa'ida. Zurfin rami ninki uku na tsayin ƙwayar, tsinin ya kalli sama. Dafodil a Satumba ko Oktoba, tulif sai Nuwamba in ƙasa ta ɗauki sanyi, don kada cuta ta kama ta. In fure ya kaɗe ba a taɓa ganyen sai ya yi mako shida ya bushe don kansa, wai ƙwayar tana tara ƙarfin baɗi. Ka ji ko? Albasar da ba a ci, har jego ake mata.

Ka riƙe hularka ka ji kuɗi. A 2022 an yi gwanjon ƙwayar sinodirof guda ɗaya tal a intanet, irin da ake kira Golden Tears, ta tashi fam 1,850. Ka je Wapa ka tambayi canji, amma ka nemi benci ka zauna kafin su faɗa maka, sannan ka lissafa buhu nawa za ka loda zuwa 'Yankaba kafin ka kamo ƙafarta. Furen fari ne ɗan ƙil, kansa a sunkuye, sai mutum ya durƙusa cikin taɓo kafin ya ga ɗigon rawayan da aka zuba wa dukiyar. Za ka ga dattijo da furfurarsa kwance rub da ciki a gona yana ɗaukar hoto, matarsa na riƙe masa da lema. Wurin da na ji an taɓa cin tulif shi ne Holan, a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, Allah Ya raba mu da irinta.

Wanda ya goyi bayana a unguwar nan shi ne kurege. Na nan ruwan toka ne, a kan bishiya yake kwana, daga Amurka aka kawo kakanninsa a ƙarni na 19, amma hali na tatsuniya ne sak. Yana kan shinge yana kallo kana shuka, ka shiga ka ɗora shayi, ka fito ya tone tulif da kurokus ya yi kalaci. Dafodil kuwa ko shinshinawa ba ya yi, ya fi masu sayayya a kanti wayo. Iya ta ba ni ragar waya na shimfiɗa a kan ramukan. Yara suka tambaye ni sunansa, na ba su naka, saboda yadda yake cika kumatu ya arce.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai shukar da ake saye musamman don lokacin da ba ta da ganye. Dogwud sunanta. Da zafi ba wanda ke waiwayarta, amma da ganye ya zube sai rassan su fito jajaye wur, kamar tsumagiyar Malam ta makarantar allo an tsoma a galura, kai ka fi kowa saninta. A Maris a sare su har kusa da ƙasa, don sabon toho ya fi ja. Iya ta ɗebe mu a motarta cikin Janairu zuwa Anglesey Abbey, wani tsohon gidan attajirai a wajen gari. Mutane sun biya kuɗin ƙofa, sun yi layi haƙora na kaɗawa, sun zo kallon sanduna. A ƙarshen hanyar akwai kurmin bishiyoyi masu farin ɓawo 'yan asalin Himalaya, kuma wanka ake yi musu don farin ya fito tas. Bishiya na wanka da hunturu, kai kuwa da sanyin Kano ya shigo sai Gwaggo ta haɗa da rantsuwa.

Amma bari in gaya maka, a Disamba nan ana kiran magariba kafin ƙarfe huɗu. Ka fita da duhu ka dawo da duhu, babu mai sallama a ƙofa, babu yaron da za a aiko da kwano. In na tsaya a tagar kicin, abin da ke da launi a duk inda ido ya kai shi ne jajayen sandunan da Iya ta sa na dasa, da wani ɗan itace, mahoniya, mai yin rawayan fure da ƙamshi a tsakiyar sanyi. Wata safiya a ƙarshen Janairu babbar ta shigo a guje ba ko takalmi, wai albasa ta fito. Muka fita gaba ɗaya da kayan barci, muka kira Iya ta shinge. Na daɗe a tsugune a wurin. Bana da kuɗina na ƙaro albasar raga biyu.

Kada ka ce na yar da gado. Rabin filin na miya ne. Tafarnuwa na sa ta makon jiya, ita sai ta sha sanyi take raba 'ya'ya, a cire ta a Yuli. Attaruhu a ɗaki ake fara shi a bakin taga tun Fabrairu, tumatir a Maris, kuma ba mai fita waje sai ƙarshen Mayu in raɓar ƙanƙara ta ɗauke. Kuɓewa ba ta yarda da ƙasar nan sai a ɗakin gilashi. Yakuwa na ba da ganye, amma sanyi kan riske ta kafin ta yi zoɓo. Alayyafo ne ɗan halak: daga Yuni har Satumba ina yanka yana tohowa, in dai an tsare shi daga dodon-koɗi marar ƙoƙo da ke fitowa da dare. Da kabewata da alayyafona da attaruhuna uwargida ta yi taushe da tuwon shinkafa, muka kai wa Iya. Ta ci tana hawaye tana kurɓar ruwa, ta suɗe kwanon, washegari ta zo roƙon iri. Yanzu a tsakiyar wardinta akwai layin alayyafo. Wannan ka gaya wa Baba da bakinka.

In kun yi dashe ka turo mini hoton fadamar da safe, ruwa na bin kwami. Ka kuma riƙe wa Gwaggo waya ta yi mini bayanin yadda take shanya yakuwa ba ta yi baƙi, ka bar ta ta yi maganarta har ta gaji, kada ka katse ta ko da ta biya ta kan labarin unguwa. Kuɗin sharan da kake ta yi mini tuni na nan tafe ƙarshen wata ta hannun da ka sani. A gaida kowa da kowa.

Naka,
ɗan Kawu, daga Kambirij