Alƙalan Murya a Filin Muzdalifa

Motarmu ta baro Arfa bayan faɗuwar rana, ba mu taka Muzdalifa ba sai wajen sha ɗayan dare. Aka haɗa Magariba da Isha, kowa ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa a kan tsakuwa ya yi matashi da jaka. Hajjin 2024 ne, mutum sama da miliyan 1.8, ba tanti ba rumfa, ƙasa tana amayar da zafin da ta sha da rana. Na ɗauka gajiya za ta kashe bakin kowa. Ashe a tsakiyar alƙalan murya na kwanta.

Alƙalin ƙira'a ne ya buɗe zama. Larabcinsa bai wuce na cinikin dabino ba, amma ya saurari huɗubar Sheikh Mahir al-Mu'aiƙili daga masallacin Namira, ya kuma yanke hukunci cewa muryar ta fi daɗi a salla. A wurinsa Sudais biyu ne, na kaset da na yanzu, kuma na kaset ne nasa. Tun da Shuraim ya bar limancin Harami a 2022, in ji shi, tarawihi ta rage gishiri. Ɗazu da aka ce ya ja mu salla, cewa ya yi maƙogwaronsa na ciwo.

Sai gwanina, wani dattijo Bakatsine, tsohon direban babbar mota. Kowace hira aka ɗauko, a ƙofar Mamman Shata yake sauke ta. Ka ce ana zafi, ya ce ai akwai ranar da Shata ya yi wasa cikin zafin da ya fi wannan. Ya san yana cikin harami, don haka ba ya rerawa. Sai ya matso ya ce, "Alhaji, ba waƙa zan yi ba, labari zan ba ka." Daga nan ya kwashe waƙar tun daga farko ya zuba maka ita a zance, ɗan yatsansa yana kaɗa kalangu a jikin robar ruwa ba tare da ya sani ba. In ya kai inda 'yan amshi ke karɓa sai ya yi shiru daidai tsawon amshin, ya gyaɗa kai, ya ci gaba. Ya kai mu Musawa inda aka haifi mutumin, ya kai mu Jami'ar Ahmadu Bello ranar da aka ba shi digirin girmamawa a 1988, ya raka gawarsa Daura a 1999, kuma a ko'ina yana sahun gaba. Ya taɓa rage wa wani makaɗin Shata hanya, abin da yake ambata kamar yadda wasu ke ambaton taɓa Hajarul Aswadi. Bayan kowane babi sai ya ja istigifari uku, ya gyara mayafi, ya ce, "To akwai kuma wata."

Can wani Basakkwace da muka ɗauka ya yi nisa a barci ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "In ana zancen Bakandamiya a fara da ta Narambaɗa." Nan fa kotso da kalangu suka kaure. Wannan ya ce mawaƙin fada ya fi zurfin Hausa, wancan ya ce mai sarki ɗaya ina zai haɗu da mai duniya. Wani malami ya tuna musu cewa babu jayayya a aikin Hajji. Suka ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam, suka koma yi da raɗa.

Bayan katangar jakunkuna akwai Hajiyar da ta san wace zabiya ce ta auri wa, wa ya saki wa a masana'antar fim ta Kano, kuma kowane labari da "ba gulma ba" take buɗe shi. Akwai matashin da ya ce kiɗa duk haramun ne, amma ya san wace waƙar Rarara ta fito a wane zaɓe. A motar haya ya ji, wai.

Wani ɗan boko ya ce ai a watan Afrilu aka nuna Zarƙa'ul Yamama a Riyad, irin wasan nan na Turawa da ake rera kowace magana, kuma da Larabci aka yi. Ya yi ta bayanin yadda mawaƙiya ke riƙe numfashi. Bakatsine ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Wa ta wasa? Mota nawa aka ba ta?"

Duk waɗannan na yafe musu barcina. Wanda ban yafe wa ba shi ne sha'irin waya. Ina son bege, da Ishiriniya aka yaye ni. Amma ƙarfe biyun dare wannan ya miƙe, ya kunna fitilar waya, ya shiga Facebook kai tsaye yana rera wa masu kallo yana ratsa mutane. Ya haska fuskar tsohuwar da barci ya kwashe baki buɗe. Ya haska wani dattijon ƙauye da haraminsa ya zame, mutumin da wataƙila gona ya sayar ya zo. Na ce, "Malam, kashe fitilar nan." Ya ce in bari, ana ta turo masa addu'a. Na ce mutanen nan ba su zo don a nuna tsiraicinsu ba. Ya juyo da wayar kaina, ya ce wa jama'arsa ga wani maƙiyin yabo.

Don in huce na tafi tsintar tsakuwar jifa. Guda 49 nake nema, ina duƙawa ina ƙirgawa, ban san ƙirgar ta hau wani kari ba. Da na dawo na zube su a tabarma, sai ga 63. Bakatsine ya dube su, ya dube ni.

"Alhaji, Ɗanƙwairo ne ko? Tun daga can na ga kotso a tafiyarka."

Na ce masa zikiri nake yi. Ya ce to madalla, ya matsa mini wuri, ya jawo robar ruwansa.