Lasifika Ba Ta San Habaici Ba

Kiɗan fada, irin wanda Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi a Argungu, kiɗan zaure ne, na kunnen da ke kusa. Makaɗi ya ɗauko waƙa, 'yan amshi su cafe tun bai dire ba, ganga na gunaguni a ƙasa, habaici kuma ya sauka kan bafaden da ke zaune taku uku daga bakin mawaƙi. Rabin daɗin ke nan, a ga mutum yana murmushin dole. Yanzu kuwa ba a biki a Birnin Kebbi sai an jibge lasifika kamar buhunan shinkafa, an ta da janareto, kiɗa da amshi su cakuɗe, har wanda aka yi wa zambo ya miƙe ya yi liƙi.

Za a ce taron bakin kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ya fi ƙarfin maƙogwaron ɗan Adam. Haka ne, amma masu gora da homa ba salon waƙa ya kawo su ba. Giwan ruwa suke hari, shi kuwa bai taɓa cewa a ƙaro murya ba.