Masoyan Shata Kala-Kala, Har Da Wanda Ya Ari Kaset Ɗina

Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Kalangai sun yi shiru tun ranar, amma bakin masoyansa har yau bai huta ba. Ni ma a cikinsu nake, don haka duk abin da za ku ji a nan ɗan gida ne yake tonon asirin gida.

Wanda na fi shakkar haɗuwa da shi a majalisa shi ne Malam Ina-Wurin. Kowace waƙa ka sa, kafin 'yan amshi su karɓa ya ɗaga hannu: "Wannan a gabana aka yi ta." Bikin 'Yan Sarki da aka yi a Kano a 1952, wanda ya fito da sunan Shata sarari, yana wurin, kusa da babban makaɗi ma yake tsaye. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, shi ya riƙe masa hula. Waƙar kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka harba duniyar wata a 1969 kuwa, in ba ka tare shi da wuri ba, saura ƙiris ya ce maka da shi aka tashi kumbon. Ka lallaɓa ka duba katinsa, sai ka ga bayan samun 'yancin kai aka haife shi. Kada ka yi zaton kunya za ta kama shi. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta: "Ai shekarun takarda ne, an rage mana saboda makaranta." Da za a tara duk masu cewa sun taɓa shiga motar Shata daga Funtuwa zuwa Kano, da sai an nemo taragon jirgin ƙasa.

Ban cika ganin laifinsa ba fa. Wasan Shata abu ne da duk wanda bai gani ba yake jin an cuce shi. Shata mutum ne da ba ya rubuta waƙa, ba ya zama ya yi bita. Zai miƙe cikin babbar riga, kalangai su ɗauka, 'yan amshi su riƙe layi ɗaya suna ta maimaitawa, shi kuma ya dubi taro ya ɗinka waƙa a kan wanda idonsa ya faɗa wa. In ya shiga Bakandamiya, inda yake wasa kansa, babu sarki ko attajirin da ya kai shi taƙama a filin. Kuma bai taɓa rera ta iri ɗaya sau biyu ba. Ke nan duk abin da ya shiga faifai ko kaset, daren guda ne kawai aka kama, sauran darare dubbai sun bi iska. Wanda bai samu ko ɗaya ba, dole ya ƙirƙiro nasa.

Daga nan ne Mai Taska ya samu sana'a. Kwalaye ne a ƙarƙashin gadonsa, kowane kaset an naɗe shi a leda kamar layar gado. Yana da faifan garmaho na kamfanin EMI, ko da yake rabon gidansa da garmaho mai aiki tun yana saurayi. A aljihunsa kullum akwai biro, ba don rubutu ba, don juya zaren kaset, a durowa kuma ga kwalbar jan farce ta liƙe zaren in rediyo ta tauna shi. In ka ce masa kana son Bakandamiya, zai dube ka kamar ka shiga kasuwar Kwari ka ce a ba ka yadi. Wacce? Ta gidan rediyon Kaduna, ko ta talabijin, ko ta wani biki da ake jin akuya tana kuka a bayan fage? A wurinsa ta akuyar nan ita ce gangariya, kuma ya san daidai inda za ta yi kukan, har yakan ɗaga yatsa yana jiranta. Ka ce masa yanzu duk waɗannan suna cikin waya, sai ya ce waya tana cinye muryar kalangu. Ba ya ba da aro, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In kana so ka zo ka zauna ka ji a gabansa, hannunka a kan cinyarka. Shekaru na yi ina masa kallon marowaci. Yanzu kam na san shi ne mai hankalin cikinmu, za ku ji dalili.

Sai Malamin Fashin Baƙi. Waƙar minti goma a hannunsa takan ci awa ɗaya da rabi, domin kowane suna aka ambata sai ya danna ya tsayar. Wane ne wannan, ɗan wane ne, gundumar da ya riƙe, motoci nawa ya mallaka, wa ya auri ƙanwarsa. Ya karanta littafin Shata Ikon Allah na su Ibrahim Sheme da ya fito a 2006, ya kuma san cewa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975. Zai gaya maka Musawa aka haifi mawaƙin a 1923, ya yi tallan goro, ya zauna Bakori kafin ya tare a Funtuwa. Mutum ne mai amfani, gaskiya, matuƙar ba tafiyar mota ce ta haɗa ku ba. Inda ilmin nasa yake tangaɗi shi ne waƙoƙin zambo irin su Gagarabadau. Nan zai rage murya, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Ka san da wa yake?" Sau uku ya raɗa min sunan, sau ukun kuma mutane daban-daban.

Yana da ƙani, Mai Aljanu, wanda shi waƙar ba ta dame shi ba, labarin bakin Shata ya fi so: wane ya saɓa masa, aka yi masa baiti ɗaya, kafin shekara ta zagayo ko keke ba shi da shi. Kullum a wani gari mai nisa abin ya faru, kuma wanda ya gani da idonsa ya rasu.

Akwai wanda nake tausaya wa, shi ne Ustaz. In aka sa waƙar a majalisa zai ɗaure fuska ya yi ta'awwuzi, amma ka dubi ƙasa: babban yatsan ƙafarsa yana bin kalangu daidai wa daida, ba ya kuskure. A cikin gari wa'azi ne a motarsa. Da ya wuce shataletalen ƙarshe ya hau babban titi, sai gilasai su tashi sama. Ranar da ka kama shi, amsarsa a shirye take: "Hausar nake nazari." In aka zo kan waƙar da Shata ya yi wa mashaya, yakan rage sauti ya girgiza kai ya ce Allah ya gafarta wa Alhaji. Bai taɓa tsallake ta ba.

A filin wasa kuwa, a zamanin da ake yi, akwai Mai Liƙi. Manyan iyayen gida suna ba Shata riguna da dawaki har da motoci, shi kuma bawan Allah ya zo da albashin wata guda da ya canza zuwa 'yan naira ɗai-ɗai don su yi auki, cikin babbar rigar da ya aro wurin surukinsa. Kayan aro ba ya rufe katara, amma na dare ɗaya ne. Zai fito yana tafiyar ƙasaita, yana manna takarda ɗaya-ɗaya a hankali kamar mai dashen albasa, yana raɗa wa sanƙira sunansa da na ubansa da na garinsu. In ya taki sa'a, sunan ya faɗo a tsakanin na attajirai biyu, ya wuce kamar walƙiya. Watan nan a gidansa sai dai tuwo da miyar kuka ba nama. Amma fa kada ku raina cinikin, domin yau ɗansa ne ya gaji ribar. Duk suna ko ɗaurin aure a gidansu sai ya kunna waƙar, ya tsaya da hannu a sama: "Ku yi shiru, ga Baba nan tafe!" Daidai lokacin wani zai yi tari, a koma farko. Na taɓa jin waƙa ɗaya sau shida a zaune ɗaya, har yau ban tabbatar da sunan tsohon ba.

Direbobi su ma suna da nasu haƙƙin, don Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi da yawa, kuma kowane direban tasha yana jin da shi ake. Matsalar ita ce ƙafarsa a kan totur tana tafiya ne da zafin kiɗa. Ka shiga motar irinsu daga Zariya zuwa Gusau, in kalangu ya yi sama, sai ka ji wata tsohuwa a baya tana cewa, "Ɗan nan, a yi a hankali, muna da jikoki." Shi ko ko a jikinsa, yana amshi yana dukan sitiyari.

Mai Gardama ba zan ɓata masa tawada ba. Aikinsa ya jira wani ya yabi Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, ko ya ce Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da kuntiginsa yake cika fili, sai ya tashi da kumfar baki. Ka tambaye shi bambancin kotso da kalangu, sai ya ce lokacin salla ya yi.

Na baya-bayan nan shi ne Ɗan Zamani, wanda aka haifa bayan an rufe Shata. A TikTok ya tsince shi, daƙiƙa talatin a ƙarƙashin hoton wani yana fitowa daga mota. Tuni ya yanke hukunci cewa Shata ne ya fara gambarar zamani a duniya. Dattawa suna jin haushinsa, ni ba na ji. Ko ba komai bai ce yana wurin ba. A ba shi shekara talatin tukuna.

Gwaggona ba ta taɓa mallakar kaset ko ɗaya ba. Amma in waƙar ta faɗo a rediyo tana tsintar shinkafa, sai hannunta ya tsaya a cikin faranti, ta zuba wa bango ido tana murmushi. Na taɓa cewa, "Gwaggo, kin taɓa ganinsa ne?" Ta ce, "Kai dai ɗan nan, tashi ka ɗebo min ruwa." Daga baya ƙanwarta ta tsegunta min cewa a 'yanmatancinsu, a wani biki, Gwaggo ta yi rawa a gaban kalangan nan har kallabinta ya faɗi, aka kwana biyu ana yi mata faɗa a gida. Duk cikin mutanen da na lissafa ita kaɗai na tabbatar tana wurin, ita kuma ko da kuɗi ba za ta ba ka labarin ba.

Saura mutum ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Shekara ashirin da wani abu ke nan ya shigo ɗakina, ya ga kaset ɗin Bakandamiya da na gada wurin kawuna, wanda ban taɓa jin irinsa a wurin kowa ba, ya ce zai kwafa ya dawo min da shi gobe bayan La'asar. Yau furfura ta cika masa gemu, ya aurar da 'ya'ya biyu, muna haɗuwa a masallacin Juma'a yana tambayata iyali kamar ba abin da ke tsakaninmu. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Malam, kaset ɗin mai baƙin murfi ne, an rubuta sunan kawuna da jan biro a gefe. Ina gida bayan La'asar.