Yadda Ake Koyon Malanta a Holan Ba Tare da An Yi Kuka a Gaban Yara Ba

To Malam, an ce takardu sun fito, TP ɗin, wato koyarwar gwaji, da abokanka za su yi a firamaren bayan gari kai a Holan za ka yi naka. Barka da arziki. Kafin ka ɗaure kaya, gaya wa iyaye mata da ƙanne su cire rai da tsarabar atamfa. Gaskiya ne a garin Helmond kamfanin atamfa na Vlisco yake, tun 1846 aka kafa shi, amma sai ka gama zamanka ba ka ga 'yar ƙasar ta ɗaura zane ba. Su dai wando da rigar ruwa. Kai ma rigar ruwan za ka fara saya, sannan keke.

Kada ka ce ka girmi keke. Mutanen ƙasar wajen miliyan 18 ne, kekunansu sun fi su yawa, kuma Mark Rutte ma lokacin da yake firaminista a kan keke yake zuwa ofis. Nemi tsoho, mai tsatsa, wanda ɓarawo zai gani ya tausaya maka, ka haɗa shi da sarƙar da ta fi shi tsada. In ka ajiye shi a tashar jirgin ƙasa ta Utrecht, rubuta lambar wurin a tafin hannu, don rumfar tana cin keke 12,500 kuma rabinsu kamar naka suke. Jan layin nan na gefen titi hanyar kekuna ce. Ka tsaya a kai kana kallon gine-gine, wata tsohuwa za ta kaɗa maka ƙararrawa da wata kalma wadda gara ba ka san ma'anarta ba. Ruwan sama kuma ba uzuri ba ne. Yaro ɗan shekara bakwai ya taka keke cikinsa ya iso takwas da rabi, kai me za ka ce?

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Girman nan na malanta da ka tara, wanda ke sa aji ya miƙe tsaye in an ji takunka, bar shi a filin jirgin Schiphol, ka karɓa ran komawa. Za ka shiga aji ba wanda zai motsa. Ba yunifom, ba durƙuso, ba mai karɓar jakarka. In sunanka Audu, Meester Audu za su ce, suna kallon tsakiyar idonka. Kada ka nemi bulala, ba a duka a makarantunsu. Kada ka aiki yaro ya kawo maka ruwa. Kofin da ka sha kofi a ɗakin malamai ma kai za ka ɗauke abinka, kamar yadda shugaban makarantar yake ɗauke nasa.

Babban makamin yaran tambaya ɗaya ce: me ya sa? Ka ce a buɗe shafi na ashirin, me ya sa? Ka ce a yi shiru, me ya sa? Amsar nan tamu mai tsohon tarihi, "saboda ni na ce", ba ta aiki a can, don haka tun da dare ka tanadi dalili ga kowane umarni. Ranar da wata yarinya ta ɗaga hannu cikin natsuwa ta ce darasin yau ba daɗi, haɗiye abin da ya taso maka, ka tambaye ta ina ya gundure ta. Za ta faɗa maka dalla-dalla, kuma abin haushin, sau da yawa tana da gaskiya. Ni a ganina nan ne kuɗin jirginka zai fita, domin malamin da aka hana tsawa dole ya iya bayani. Ita ma malamar da aka haɗa ka da ita haka take. Ba za ta fara da "ka yi ƙoƙari" ba. Za ta ce ka cika surutu, yara uku na baya ba su gane komai ba, sannan ta miƙo maka biskit. Ba ƙiyayya ba ce, har ma tana jiran kai ma ka faɗi nata.

Kana iya roƙon a tura ka makarantar Islamiyya, akwai su, kuma gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, domin tun 1917 tsarin mulki ya daidaita makarantun addini da na hukuma wajen kuɗi. Za ka ji sallama, za ka sami wurin salla. Sai dai 'ya'yan Marokawa da Turkawan nan a Holan aka haife su, su ma me ya sa ɗin za su tambaye ka.

Wajen maki, riƙe hannunka. Daga 1 zuwa 10 ake bayarwa, musamman a sakandare, 5.5 an haye, kuma 10 sai dai a ji labarinta. Yaro zai ci 6 ya tafi gida yana fito. Kada ka yi masa wa'azin zama na ɗaya a aji, ba a jera su haka. Hankalin iyaye sai a aji na takwas yake tashi, lokacin da yaro yake wajen shekara 12 ana shawarar irin sakandaren da zai nufa: vmbo mai shekara huɗu, havo mai biyar, ko vwo mai shida da ke kai wa jami'a. Ganawa da iyayen kuwa minti goma ce, kuma goman ake nufi. In ka tsaya tambayar gida da iyali da gajiya da sanyi, lokaci zai ƙare ba ku ambaci yaron ba.

Bayan kowane hutu wasu iyaye mata za su shigo aji su bi kan yara ɗaya bayan ɗaya suna neman kwarkwata. Aikin sa kai ne, kada ka kira kowa. Ran Litinin ɗin farkon wata da sha biyun rana jiniya za ta ɗauka a duk ƙasar. Gwaji ne. Kada yara su fito da kai daga ƙarƙashin tebur.

Abincin rana burodi ne da cuku, ko burodi da bota da barbaɗen cakulan, manya da yara. Ka zo da shinkafa da miya ka ɗumama, duk ɗakin malamai zai taru a kanka ana tambaya ko biki ake. Ranar haihuwarka kuma kai ne za ka kawo abin rabo, ba a kawo maka. A Disamba za ka fita cikin duhu, magariba ta same ka wajen huɗu da rabi. A Yuni sai goman dare rana ke faɗuwa, saboda haka duba watan da azumi zai kama kafin ka sa hannu.

Sai zumunci. Kada ka ɗauki ƙafa ka je gidan abokin aiki don kawai ka biyo ta unguwar. Zai buɗe ƙofa, ya buɗe kalandarsa, ya ba ka Alhamis ta makon jibi. Kada kuma ka je ƙarfe shida, lokacin cin abincinsu ne, kuma dankalin a ƙirge aka dafa shi. In kun fita tare ya ce bari ya biya kuɗin kofi, kada ka ɓata addu'arka mai tsawo. Kafin ka kwance sarƙar keke saƙon Tikkie na neman ka biya shi zai shigo wayarka, Yuro uku da 'yan kai. Biya a daren, don ya riga ya rubuta.