Ƙofar Abin Kunya

Turawa na da hanya mai arha ta tozarta babban mutum: sai su liƙa wa abin kunyarsa wutsiyar "gate", wato ƙofa. Asalin abin wani rukunin gine-gine ne a Washington mai suna Watergate, inda aka cafke mutum biyar a 1972 sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat. Aka yi ta tonon silili har Shugaban Amurka Nixon ya sauka a 1974. Gini bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Har yau sunansa ake yanka ana rabawa.

An tsinci naman doki cikin na shanu a 2013, aka ce Horsegate. Boris Johnson, firaministan Birtaniya na wancan lokaci, ya halarci shagali lokacin kullen korona, aka ce Partygate, ya biya tarar fam 50.

Na Andrew Mitchell kuwa, tsohon bulaliyar jam'iyya mai mulki a majalisar Birtaniya, ya fi ba ni dariya. A 2012 ya yi cacar baki da 'yan sanda saboda sun hana shi fita da kekensa ta babbar ƙofar Downing Street, titin da ofishin firaminista yake. Rigima ce a kan ƙofa ta gaske, mai ƙarfe. Wasu 'yan jarida suka sosa ƙeya, suka ce Gategate. Bayan wata guda ya ajiye muƙaminsa.